Marsandi 230E ba ta tashi in ta ɗau zafi: a mayar da ita kafireto ko a gyara injekta?

Abban Sadik, Kano:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan tsohuwar Marsandi. Motar 230E ce, V-boot, ƙirar 1989, mai injin M102 silinda huɗu, giyar hannu. Ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, da aka zo rabon gado na roƙi 'yan'uwana a saka mini ita a kasona. Juyen baƙin mai, canjin filogi da gyaran birki duk ni nake yi da hannuna a ƙofar gida.

Da safe ki ɗaya take tashi. In inji ya ɗau zafi na kashe na sake tayarwa nan take, nan ma ba gardama. Amma in na ajiye ta kamar rabin awa, na shiga masallaci ko kasuwa, sai ta yi ta juyawa ba ta kamawa, har in fara tausayin batir. In ta kama kuma sai ta yi ta rawa kafin silo ya daidaita. Tun da zafin Afrilu ya shigo abin ya ƙaru. Ba na jin warin fetur, salansa kuma ba ta baƙin hayaƙi.

Bakaniken da na kai wa bai ko leƙa ƙarƙashin motar ba. Ya ɗaga bonet, ya kalli bututan ƙarfen nan da ke saman inji, ya ce injektar ta gaji, a cire ta gaba ɗaya a ɗora kafireto in huta. Raina bai kwanta ba. Motar da ke tashi ki ɗaya da asuba, ta ina injektarta ta mutu? Kuma gaskiya ba na son a farke abin da Baba ya yi shekaru yana lallaɓawa. Akwai abin da zan iya dubawa da kaina kafin a kai ga haka?

Baba Mai Marsandi, Kaduna:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ɗana, kada ka bari a taɓa injektar nan. Abin da ka faɗa alamar zubewar ƙarfin mai ce bayan an kashe inji, kuma yawanci laifin ba a saman inji yake ba, yana can baya ƙarƙashin mota.

Tsarin da ke motarka sunansa KE-Jetronic, na kamfanin Bosch. Famfo yana tura fetur da ƙarfin da ya ɗan haura bar 5 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne), nozul ɗin kuma ba wuta ke buɗe su ba, ƙarfin man ne da kansa. In ka kashe mota, dole wani ƙarfi ya rage a cikin bututu, wajen bar 3, kuma bai kamata ya faɗo ƙasa da 2.5 ba cikin rabin awa. Dalili shi ne bututan suna zaune ne a kan inji mai zafi. Muddin man yana matse ba zai tafasa ba. Da zarar ƙarfin ya zube sai fetur ya koma tururi, kai kuma kana ta murza ki famfo yana kokawar korar tururin. Da safe komai ya huce, babu tururi, shi ya sa take tashi ki ɗaya.

Abu biyu ke riƙe ƙarfin nan a baya. Akwai ɗan bawul a bakin famfon mai da ke hana mai komawa, akwai kuma akumuleto, wani ɗan gwangwani mai sifirin da fatar roba a ciki. Duka suna wuri ɗaya da filtar mai, kusa da tayar baya ta dama, cikin murfin roba. A motar da ta haura shekara talatin, fatar robar nan ce ta fi yawan tsagewa.

Ga yadda za ka gane. A bayan akumuleton akwai siririn tiyo. Ka matse tiyon, ka zare shi daga jikin gwangwanin, ka tara kwano, sannan wani ya murza ki famfo ya yi aiki. In fatar tana da lafiya, bakin zai zauna a bushe. In ka ga mai yana tsiyaya ta nan, ta tsage, sai canji.

Ka kula da kanka. Tankin V-boot yana tsaye ne a bayan kujerar baya, sama da famfo, lita 70 yake ci, don haka in ka kwance babban tiyo ba ka matse shi ba mai zai kwararo maka har hammata. Ka yi aikin lokacin da tanki ya kusa ƙarewa, inji a sanyaye, a fili, ba sigari, ba janareto a kusa. Kada ka shiga ƙarƙashi mota tana kan jak kaɗai.

Ɗan Tasha:

Baba, da girmanka, amma ni ina ganin bakaniken nan bai yi laifi ba. Na yi shekaru ina jan V-boot a hanyar Kano zuwa Jos, kuma wadda aka mayar kafireto ta fi ba ni kwanciyar hankali. In ta tsaya maka a ƙauye, duk yaron da ke gyaran babur zai iya kwance kafireto ya busa jet ya mayar. Injekta fa? Ga man da muke sha, wani lokaci na jarka ne a bakin titi, da ruwa da ƙasa a ciki. Ai kamfanin ma da kansa ya fitar da V-boot 200 da kafireto. Masu wannan aikin na injekta sun yi ƙaranci, da yawa sun tsufa ko sun koma Toyota.

Baba Mai Marsandi, Kaduna:

Malam Ɗan Tasha, maganarka ta ƙarancin masu aikin gaskiya ce, ta gurɓataccen mai ma haka. Ga mai haya da ke kwana a hanya ban ga laifinsa ba. Amma wannan motar gida ce, kuma mai ita yana da hannu.

Ita 200 ɗin an gina ta ne da kafiretonta tun daga Jamus, doki 109 take bayarwa, ita kuwa 230E doki 136. Abin da ake yi a garejinmu daban ne: a samo manifol da kafireton da aka tsinta, a yanke wayoyi, a sa ƙaramin famfo, a toshe tiyoyin iska da ƙusa. Waɗanda suka zo hannuna bayan an yi musu haka, shan mai ya ƙaru, ƙarfi ya ragu, kayan da aka cire kuma an sayar, ba hanyar komawa. Kuma mutane ba su san cewa wannan injekta rabinta aikin ƙarfe ne ba. Ko kwamfutarta ta daina aiki mota za ta kai ka gida, sai dai ta yi wuyar tashi da sanyi.

Hajiya Umman Walid, Abuja:

Ni 190E nake da ita, injinsu ɗaya da taka, kuma na sha irin wannan. Abban Sadik, tunda za ka sa hannu, ka ɗaga robar da ke bayan batir. Akwai rile, wato ɗan makunnin wuta, mai murfi a kansa da fis na amfiya 10, ana ce masa OVP. In ya lalace fitilar ABS ta birki takan kama, silo ya rikice. Ba shi ne ciwonka na yanzu ba, amma dubawar ba ta cin minti biyar.

Abin da na fi so in ja kunnenka a kai shi ne ɗan ramin nan da ke kusa da inda bututan suka taru, wanda ake zura alanki mai lamba 3. Nan ake daidaita mai da iska. Duk wanda ya ce bari ya ɗan murɗa maka, ka riƙe hannunsa. Tawa an murɗa mata ne don a ɓoye matsalar tashi, ta koma baƙin hayaƙi da cin filogi, kafin a dawo da ita daidai sai da na nemi mai na'urar awo.

Abban Sadik, Kano:

Allah ya saka muku da alheri. Baba, na yi yadda ka ce ranar Asabar. Na ɗora bayan motar kan katako, na cire murfin, ƙura ta cika shi har ta zama laka. Da ƙanena ya murza ki, mai ya fito ta bayan akumuleton siriri kamar zare, bai tsaya ba sai da famfo ya yi shiru. Na kuma ga tiyon da ya taso daga tanki ya yi tsatstsage, in ka lanƙwasa shi bakin tsagar yana buɗewa. Fis ɗin da Hajiya ta faɗa lafiyarsa ƙalau.

Na zaga Ƙofar Ruwa neman akumuleto, na Beljiyam na samu da yawa, sabo kuwa an ce sai an aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas. In ɗauki na hannun, ko in jira?

Baba Mai Marsandi, Kaduna:

Ka jira sabon, ɗana. Na Beljiyam ɗin sa'an naka ne, robarsa ta sha shekaru iri ɗaya, wataƙila ma ta bushe a kan kantar shago. Tunda za ka kwance wurin, ka haɗa da filtar mai, da bawul ɗin bakin famfo, da tiyon da ya tsage, kuma tiyon ya zama na fetur, ba na ruwa ba. Su washa na jan ƙarfe da ke kan notin su ma sababbi za ka sa, tsohon ba ya sake kamawa. Ka riƙe da sifana biyu lokacin ɗauri don kada bututu ya murɗe. In ka gama, ka tayar da ita ka leƙa ko akwai ɗigo kafin ka mayar da murfin.

In bayan haka ta ci gaba, musamman in ka fara jin warin fetur ko sai ka taka totur take kamawa, to nozul ne ke ɗiga cikin inji. Ka dawo ka faɗa mana, zan gaya maka yadda ake zaro su a gwada a kwalba.