Shawarwari ga Mai Ziyartar Kufan Mesa Verde

A wata tattaunawa da aka yi kan kufan Mesa Verde na jihar Colorado a Amurka, inda kakannin al'ummar Pueblo suka gina gidaje a cikin kogunan dutse kafin su yi ƙaura gab da shekarar 1300, an fi nanata cewa a bar duk tsingaron tukunyar da aka gani a inda yake. Dokar Amurka ta kare kayan tarihi ta 1979 ta haramta ɗauka, kuma da zarar an gusar da shi, masana sun rasa labarin da wurinsa ke bayarwa. Kada a jingina da bango, domin laka ce ta riƙe duwatsun. Cliff Palace, ɗaya daga cikin gidajen kogunan mai ɗakuna kusan 150, ba a shigarsa sai da ɗan jagora. An kuma ja kunne kan kiran waɗanda suka gina gidajen da sunan Anasazi, wanda jikokinsu, irin su ƙabilar Hopi, ba sa so.