Wace kalma za mu sa wa "rasta" a darasin taswira?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum malamai. Ranar Asabar zan koya wa yara a wata cibiyar kwamfuta yadda ake adana taswirar da sabar WMS (kwamfutar da ke turo taswira ta intanet) ta turo ta zama fayil, kuma da Hausa aka ce in yi. Na maƙale a kan rasta. Ita ce taswirar da ke zuwa a hoto, PNG ko JPEG, wadda in ka yi ta zuƙo Kasuwar Kurmi sai ta farfashe ta koma ƙananan murabba'ai. Bekta kam, wato ɗaya nau'in da ake zanawa da ɗigo da layi, na sa mata "taswirar layi".

'Yar Gwale: Ka ce "taswirar ƙwaya-ƙwaya", tunda kowace ƙwaya da launinta.

Ɗan Fagge: Yaya, ƙwaya a gaban samarin Kano? Ai darasin ya watse.

Baba Mai Ƙamus: Ku saurara. Tushen kalmar daga Latin ne, sunan manjagara, saboda layukan da take bari a ƙasa. Ni tun tuni "taswirar manjagara" nake cewa, kuma ba wanda ya kawo wadda ta fi ta.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, a bar ta rasta kawai. Duk yaron da ya buɗe manhajar taswira ta QGIS ita zai gani.

Baba Mai Ƙamus: Lalaci ke nan. In ka ce rasta, masu dada za a tuna.

Injiniya: To taswira ai daga Larabci take, fayil daga Turanci. Su wa ya ba su takardar zama?

Basakkwace: Ku Kanawa komi kun ara sai ku ce Hausa ta, mu mun yi magana ku yi dariya.

Baba Mai Ƙamus: Ɗana, daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka ɗora ta, ba ni na yi ba.

'Yar Gwale: Don Allah a dawo. Ƙanina, abin da zai fi ba yaranka wahala ba sunan ba ne. PNG ba ya riƙe bayanin wurin da hoton yake a doron ƙasa. In suka adana shi haka suka buɗe gobe, Dutsen Dala ba zai hau inda yake ba. Su nemi nau'in hoton da ake kira GeoTIFF in sabar tana bayarwa, shi bayanin a cikinsa yake. In babu, a ajiye ƙaramin fayil na .pgw mai layi 6, mai ɗauke da bayanin wurin, kusa da hoton, da suna iri ɗaya. Ni "ɗan rakiya" nake ce masa.

Injiniya: Ɗan rakiya kam ya zauna. Ita kuwa rasta, in dole ne, "taswirar gida-gida".

Ɗan Fagge: Na ɗauki gida-gida, zan ambaci rasta sau ɗaya don su gane ta a manhaja. Na gode.

Baba Mai Ƙamus: Gida-gida ta yi tsawo. Ka yi darasinka, amma a nawa rubutun manjagara ce.