Kowa da kiwon da ya karɓe shi: ko Baffa ya faɗe ta a muhallinta?

Mai tambaya, daga yankin Gagarawa: Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar aka zauna a zaurenmu kan ƙanena da zai cike fom ɗin JAMB. Baba likitanci yake so ya karanta. Shi kuwa yaron tun yana firamare ba ya rabuwa da garke, ko akuya ce ta ƙi cin dusa a unguwa shi ake aikawa a kira, kuma karatun dabbobi yake so. Baba ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sai Baffa ya ce, "Yaya, kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura." Ran Baba ya ɓaci. Don Allah masana, Baffa ya yi daidai?

Tsohon malamin Hausa, Gumel: Wa alaikumus salam. Kunnen mahaifinka bai yi masa ƙarya ba. Wutsiyar maganar tana da ƙaya. Kura me take ci in ba akuya ba? An fi faɗinta idan mutum ya ɗauki hanyar da ta ɗaure wa jama'a kai, har ana tsoron ta cutar da na kusa. Da Baffanka ya tsaya a rabin farko, da ba a tashi baram-baram ba.

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kudu: Malam, a gafarce ni, ni kalmar "karɓa" ta fi tsaya mini. Muna cewa gari ya karɓe shi, aure ya karɓe ta, wato abin ya dace da jikin mutum har ana ganin alama. Wannan ya wuce so kawai. Lokacin muna makaranta akwai wadda iyayenta suka turo, ga ƙwaƙwalwa, jarrabawa ba ta taɓa kayar da ita ba, amma ko jini ta gani sai jiri ya ɗebe ta. Aikin dare, kukan majinyaci, wankin ciwo, duk sai mai sanyin hali da juriya. Ta bari a shekara ta biyu, har yau ina jin zafin shekarun da ta ɓata. Yaron da dabba ke kwantar da kai a hannunsa, ai kiwon ya riga ya nuna wanda ya karɓa.

Dillalin shanu, Maigatari: Hajiya, kada mu sake wa yara linzami da wannan magana. Yau gyaran waya, gobe ƙwallo, jibi wani abu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kawo shi kara ranar Alhamis, ya wuni cikin rana da ƙura da kashin shanu sau huɗu ko biyar. In ya ce zai dawo, na yarda.

Malamin sakandare, Ringim: Alhaji ya kawo gwaji mai kyau. Amma ku lura, tun a SS1 ake raba yara ajin kimiyya, adabi ko kasuwanci, sau da yawa ba a tambaye su ba. Shi wannan yana kimiyya, kuma likitan mutane da na dabbobi darussa huɗu iri ɗaya suke zanawa a JAMB: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da tsangayar likitancin dabbobi, ga kuma Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta ga mai son difiloma. Wataƙila Baba bai san shi ma likitan dabbobi "Dokta" ake ce masa ba.

Tsohon malamin Hausa, Gumel: To in haka ne babu kura a zancen, akuya ce da tunkiya. Har yanzu ina kan bakana cewa wutsiyar ba ta dace da zauren ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Zan samu Baba shi kaɗai bayan isha'i, ba a gaban Baffa ba. Alhaji, Alhamis mai zuwa in Allah Ya kai mu za ka gan mu a kara, ni da yaron.