Mako guda a kan gero

Malaman firamare masu koyarwa da Hausa da Faransanci, tsarin da Nijar ta fara gwadawa a Damagaram tun 1973, sun tattauna yadda za a ɗora darussan mako a kan jigo guda. Yawancinsu gero suka zaɓa.

Shawararsu ita ce ranar Litinin yara su shuka ƙwaya a gwangwani mai jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kafin Juma'a tsiro ya leƙo, su auna shi su zana. Lissafi kuwa da tiya za a yi shi, ana awo ana ƙirgawa. Sai yaro ya gane abu da Hausa tukuna a ba shi sunansa da Faransanci, kuma nan ne na fi yarda da su. Wata malama ta ƙara da cewa a gayyato kaka ta nuna sussuka da sheƙa.