Zaki da kura a labarin almara: namiji da mace ake nufi?

Malamar Hausa, Gusau:
Assalamu alaikum. Na rubuta wa ɗalibaina wani gajeren labari inda zaki da kura suke jayayya a kan rijiya ɗaya a lokacin fari, sai wata abokiyar aikina ta karanta ta ce na ci mutuncin mata, tunda zakin namiji ne mai kwarjini, kurar kuwa mace ce mai kwaɗayi da tsoro. Ni kuwa ban yi wannan tunanin ba ko kaɗan. Shin duk inda halittu biyu suka yi karo dole ne a ɗauke su a matsayin namiji da mace?

Baban Hajara, Argungu:
Wa alaikumus salam, Malama. A ganina nahawu ne ya ruɗi abokiyar aikinki, domin Hausa ba ta barin suna babu jinsi: kura ta zo, zaki ya zo, ko da mai magana bai san ko dabbar tana da ciki ba. Idan jinsin kalma hujja ne, yaya za a yi da giwa da damisa, waɗanda duk "ta" ake ce musu, alhali da giwa ake yi wa sarakuna kirari? Mu nan ma babban kifin da masunta ke alfahari da shi a kogin Matan Fada giwan ruwa muke ce masa, ba wanda ya taɓa tambayar jinsinsa.

Ɗan Kaura:
Ban yarda a kore maganar gaba ɗaya ba, Baba. Akwai labaran da su da kansu suke jawo wannan fassara. A labarin Bayajidda, macijiyar rijiyar Kusugu ce ta hana mutanen Daura ɗiban ruwa, baƙo namiji ya kashe ta, ya auri sarauniya Daurama, daga nan sarauta ta koma hannun maza. Wanda ya ce akwai batun jinsi a nan bai yi ƙage ba, ko da yake sunan macijiyar Sarki, abin da ke dagula lissafin. Haka Gizo da Ƙoƙi: miji da mata ne a fili, shi da tsamin baki da ha'inci, ita da haƙuri da shawarar da ba a ji.

Malamar Hausa, Gusau:
Na gode muku. Na koma na duba, kurar tawa ba ta da miji, ba ta da kishiya, ba ta girki, ƙishirwa kawai ke damunta. Sai dai na tarar da wuri guda inda zaki ya ce mata ta yi shiru manya na magana, kuma na gane daga nan zancen ya taso. Na goge jimlar kafin in kai labarin aji ranar Litinin.