Shawarwari ga mai son binciken al'ummar Tailan

A tattaunawar da muka yi kan yadda za a yi bincike a Tailan, abin da aka fi nanatawa shi ne kada mai bincike ya tsaya a Bankok. Ya leƙa Isan, arewa maso gabas, inda ma'aikatan birnin da yawa suka fito. A lardunan Pattani, Yala da Narathiwat na kudancin ƙasar kuwa, Musulmi da harshen Malay suke magana a gida, sai a nemi tafinta ɗan yankin.

An daɗe ana magana kan sashe na 112 na kundin dokar laifuka ta Tailan, mai hukunta ɓata sunan sarki da ɗaurin shekara 3 zuwa 15. A ganina nan nauyin yake: a ɓoye sunayen waɗanda aka zanta da su, domin su za a bari a ƙasar. Baƙo kuma ya nemi izinin Majalisar Bincike ta Ƙasa da wuri.