Wane suna za mu ba "base de données relationnelle" da "entrepôt de données" da Hausa?

Assalamu alaikum. Malam da Hajiya sun kawo shawarar sunayen Hausa ga waɗannan kalmomin Faransanci biyu na fannin ajiyar bayanai a kwamfuta, ga nawa ra'ayin. Matasanmu masu aikin kwamfuta a nan Maraɗi, da waɗanda suka fito daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da waɗanda suka koya a bakin aiki, da Faransanci suke furta waɗannan kalmomi ko da Hausa ake hirar, in kuwa aka matsa musu sai su kira su duka biyun "rumbun bayanai". Wannan suna ya zauna a bakin ƴan jarida, kuma ya wadatar a labarai, amma ba zai isa ba ranar da za a zauna da shugabannin wata ƙungiyar ƴan kasuwa domin zaɓar manhajar da za a kashe wa kuɗi, saboda abubuwa biyu ne masu aiki dabam.

Malam, Allah ya ƙara sani, ka kawo "ma'ajiyar bayanai mai dangantaka" a madadin "base de données relationnelle". Rabin farko na karɓe shi hannu bibbiyu, rabi na biyu ne nake ja da shi. Lokacin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar da wannan tsari a 1970, daga ilimin lissafi ya aro kalmar "relation", wadda ka fassara da dangantaka, kuma a can jadawalin kansa take nufi, wato layuka a kwance da ginshiƙai a tsaye, kowane ginshiƙi da irin bayanin da yake ɗauka. Haɗa jadawali da wani jadawali ta hanyar lambar da suka yi tarayya a kanta aiki ne da tsarin yake bayarwa, amma ba daga nan sunan ya fito ba. Don haka nake ganin "ma'ajiyar bayanai mai jadawali" ya fi dacewa, kuma manhajojin PostgreSQL da MySQL da Oracle da SQL Server duk suna shiga ƙarƙashinsa, tunda duk da harshen SQL ake yi musu tambaya.

Hajiya, ke kuma kin ce a kira na biyun, wato "entrepôt de données", "sito". Matsalar sito ita ce kaya suna shiga suna fita kullum, alhali abin da Bill Inmon ya siffanta a littafinsa na 1992 wuri ne da ake tattaro bayanai daga wurare dabam-dabam, a daidaita su, a ajiye kowanne da kwanan watansa, ba a gogewa ba a sakewa. Abin da ya fi kusa da haka a wurinmu shi ne rumbun tsimi, wanda ake cikawa da kaka domin amfanin gaba, ba domin tuwon yau ba. Shi ya sa nake ba da shawarar "rumbun tsimin bayanai", duk da na san hatsi yana raguwa in an ɗiba, bayani kuwa ba ya raguwa.

Ga inda bambancin yake shafar zaɓi. Ɗauki ƙungiyar da ke sayen wake da gero da aya a Tasawa da Dakoro da Madarumfa. Magatakarda yana rubuta kowane ciniki a layi guda: rana, kasuwa, irin kaya, yawan tiya, farashi, sunan dillali. Wannan aikin ma'ajiya ne, kuma ajiya layi-layi ta dace da shi. Amma ranar da shugaba ya tambayi yadda farashin tiyar wake ya riƙa hawa da sauka a Tasawa cikin shekara goma, ginshiƙai huɗu kaɗai ake buƙata, kuma manhajar da ke ajiye bayani ginshiƙi-ginshiƙi, irin su ClickHouse da Amazon Redshift, su kaɗai za ta karanta ta bar sauran.

Wannan ba ya nufin kowa ya ruga can. Redshift a kwamfutocin Amazon yake zaune, sai da intanet mai ƙarfi ake kai gare shi, kuma haya ake biya da kuɗin waje. Ƙungiyar da layukanta ba su wuce ƴan miliyoyi ba, PostgreSQL ya ishe ta rumbun tsimi, kyauta ne, kuma yana aiki a kwamfuta guda cikin ofis, muddin an raba shi da ma'ajiyar cinikin yau da kullum domin tambaya mai nauyi kada ta tsayar da magatakarda.

Saura kalmar "colonne". Na yi amfani da "ginshiƙi" saboda a tsaye yake, amma ginshiƙi gini yake tallafa, wannan kuwa ba ya tallafar komai. Malam, kai da ka daɗe kana koyar da lissafi da Hausa, wace kalma kuke faɗa wa yara a aji?